Abin da Gara Ta Rage

Kwana arba'in da rasuwar Baba
muka jawo akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado,
wanda ya hau bayan kamiyo daga Sabha zuwa Agadas,
ya iso Tawa da tsatsa a kunnuwansa.
Inna ta zaci dinari ne.
Babu dinari.
Cokalin gini, igiyar awo,
fasfo mai hatimi bakwai,
da littafi mai koren bango, gara ta yi walima a cikinsa.

A shafin farko, da jar tawada:
"Ga Alkasum, wanda ya fi ni sanin bango.
Adnan, mutumin Basra."

Na san sunan. Mun tashi da shi kamar kawu
da bai taɓa zuwa suna ko jana'iza ba.
Mai haɗa magani ne, in ji Baba,
ya baro ƙasarsu saboda baiti biyu
da ya rubuta a bayan takardar likita
kan wani shugaba mai yawan hotuna.
Baiti biyu, shekara goma sha ɗaya ba gida.

Da dare, in siminti ya bushe a yatsu,
sai su hau rufin da ba a gama ba,
shayi na tafasa kan gwangwanin fenti.
Adnan ya karanta, Baba ya tara kunne
da Larabcinsa na salla da na kasuwa,
mai ramuka kamar hanyar Keita da damina.

Can ya ji cewa mawaƙan Larabawa na dauri
ba su fara magana sai sun tsaya a kufai
sun tambayi duwatsun murhu: ina masu gida?
Baba ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
"Ashe ku ma Adarawa ne!
Zo garinmu bayan girbi ka ga kufai mai numfashi.
Maza sun tahi Abijan, sun tahi Turabulus,
sai tsohuwa, sai jaki, sai ƙyaure a jingine."

Ya ji Bagadaza da ɗakunan karatunta,
da ranar da aka ce kogi ya yi baƙi da tawada.
Ya ji mabuɗan da jikoki ke adanawa
na ƙofofin da babu su.
Ya ji yadda baƙi suka shimfiɗa taswira kan tebur
suna jan layi
kamar masu rabon tuwo a gidan da ba nasu ba.
"Mu ma an ja mana," in ji Baba,
"ya bi tsakanin Konni da Illela,
ya bar kakana nan, ƙanwarsa can."

Sai shekarar da sama ta yi ta aman wuta.
Baba ya fito da riga ɗaya da akwatin nan.
Adnan ya ƙi hawa mota.
Ya ce ya gaji da koyon sunayen tituna.

Lambarsa na nan a bangon ɗakinmu, da gawayi.
Shekara uku Baba na zuba kati yana kira.
Kullum mace ɗaya ke amsawa, da Larabci mai ladabi,
wai wanda ake nema ba ya kusa.

Yau na kai littafin Wadata, wurin Malama Nafisatu.
Ta ɗaga shafi ga hasken taga,
rana ta ratso ta ramukan gara
ta zuba mata ɗige-ɗige a goshi.
Ta ce, "Baitin da ya ja wa layi ya tafi.
Saura kalma uku: rijiya, maƙwabci, gobe."
Na ce ta cike mini gurbin.
Ta girgiza kai. Ba nata ba ne, ta ce.

Na biyo ta bakin kasuwa.
Albasar Galmi jibge a rana,
ƴan kabu-kabu na gardamar wani yaƙi
da rediyo ta kawo daga gabas,
sunayen garuruwa na karyewa a bakinsu.

A gida na iske Inna ta share akwatin,
ta zuba toka da ganyen bedi a kusurwoyi.
Ba ta iya karatu ba.
Ta karɓi littafin da hannu biyu ta kwantar,
ta ce, "Kalma ukun nan, kada su ma a cinye."
Bara da ta shafe ɗaki da farar ƙasa
ta kewaye lambar, ba ta taɓa ta ba.